Hukuncin Kuɗin Goro: Idan Mai Gadi Ya Kori Baƙon Da Aka Gayyata

Wanda ya saba zuwa tashar motoci ta Sabon Tasha da sassafe ya san cewa ba fasinja kaɗai motocin Kachia, Kwoi, Zonkwa da Kafanchan suke ɗauka ba. Suna ɗaukar saƙo. Uwa takan miƙa wa direba ƙullin magani ta ce ya kai wa tsohuwa a ƙauye, ɗan kasuwa kuma ya ba shi ambulan mai ɗauke da rasit. In direban ya je bai tarar da mai saƙo ba, yakan dawo da shi ya faɗi dalili. In kuwa ya yar da shi a hanya, akwai shugabannin tasha da za a kai ƙara wurinsu. Ƙa'idar tsohuwa ce, kowa kuma ya yarda da ita: saƙo amana ne, wanda ya karɓe shi ko dai ya isar, ko ya dawo ya yi bayani.

Yanzu wani babban kaso na saƙonnin kasuwanci ya koma bin intanet, ta hanyar wasiƙar da ake kira imel. A ɗauka ga wani ɗan kasuwa mai ƙaramin ofis a Sabon Tasha, wanda yake sayen busasshiyar citta a kasuwannin Kachia da Kwoi domin fitarwa waje. Wani mai saye a Dubai ko a Turai ya rubuto da kansa, ya nemi a aika masa farashi, da hoton kaya, da takardar shaidar lafiyar amfanin gona. Ɗan kasuwan ya haɗa kome ya aika a ranar. Wasiƙar ba ta isa ba, domin kamfanin da yake riƙe da akwatin mai sayen ya ɗauke ta a matsayin tarkacen saƙo ya kawar da ita. Mai sayen ya jira mako guda, ya ce a ransa mutumin nan ba da gaske yake ba, ya nemi wani. Ɗan kasuwan kuma ya ɗauka mai sayen ne ya sake shawara. Kowannensu ya tafi yana zargin ɗan'uwansa, ba wanda ya san abin da ya faru.

Asarar ba ta tsaya a ofishin ba. A bayan wannan ciniki akwai manomi, akwai matan da suka tsaga cittar suka shanya ta, akwai masu ɗinke buhu da masu lodi. Tun bayan cutar da ta lalata gonakin citta na kudancin Kaduna a daminar 2023, iyalai da yawa sun san darajar ciniki guda. Saboda haka tambayar ta cancanci a zauna a kanta: daidai ne mai tsaron ƙofa ya kori baƙon da maigida ya gayyata da bakinsa, domin kawai ya fito daga unguwar da ɓarayi suka taɓa fitowa?

Yadda rariyar take aiki

Kafin a yanke wa mai gadi hukunci, ya kamata a san aikinsa. Tarkacen saƙo, wanda Turawa suke kira sifam, ya girmi yawancin masu amfani da intanet a yau. A watan Mayu 1978 wani ɗan tallan kamfanin kwamfuta a Amurka, Gary Thuerk, ya aika talla guda ga mutum kimanin 400 da ba su nema ba, aka yi ta gunaguni. Da intanet ta yaɗu, abin ya zama ambaliya, domin aika wasiƙa miliyan ba ya cin kuɗin da ya taka kara ya karya. Sai kamfanoni suka kafa rariya a bakin akwatunan jama'a.

Rariyar tana duba abu uku. Na farko shi ne inda wasiƙa ta fito. Kowace na'ura mai aika saƙo tana da lambar adireshi, kuma akwai ƙungiyoyin da aikinsu shi ne tattara lambobin da aka kama suna watsa shara, su sa su cikin baƙin kundi. Paul Vixie ya soma irin wannan kundi a 1997, Steve Linford kuma ya kafa Spamhaus a 1998, wadda har yau kamfanoni da yawa suke dogara da jerinta. Na biyu shi ne kalmomin da suke cikin wasiƙar. Na uku kuma shi ne halin masu karɓa: in mutane da yawa suka danna maɓallin da yake cewa saƙon wane shara ne, sai darajarsa ta faɗi.

Matsalar ita ce ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da adireshi nasa shi kaɗai. A shekarun 2000, lokacin da shagunan intanet suka cika titunan Kaduna, dukan masu zama a shago ɗaya da lamba ɗaya suke fita, ɗalibi mai cika takardar jarrabawa da ɗan damfarar da yake kusa da shi. Yau ma ɗaruruwan ƙananan kamfanoni sukan yi hayar na'ura guda su raba. In ɗaya ya yi ɓarna, ko aka yi masa kutse aka watsa shara da sunansa, dukansu sukan shiga kundin tare. An taɓa wallafa jerin lambobi ƙasa-ƙasa, har da na Nijeriya, domin wanda yake so ya toshe ƙasa ɗungum ya yi hakan cikin sauƙi. Wata sananniyar manhajar tacewa, SpamAssassin, ta yi shekaru tana da ƙa'idojin da aka laƙaba wa sunan Nijeriya kai tsaye, kafin a sauya musu suna. Kalmomin da ɗan damfara yake amfani da su kuwa, wato banki, dala, tura kuɗi, gaggawa, su ne kalmomin da mai fitar da citta ba zai iya rubuta wasiƙar ciniki ba sai da su.

Wasiƙar da rariya ta kama tana da makoma uku. Wani lokaci a mayar wa mai ita da bayani. Wani lokaci a ajiye ta a kwandon shara na mai karɓa, inda za ta goge da kanta bayan wasu makonni in bai leƙa ba. Wani lokaci kuma a haɗiye ta shiru, ba mai aikawa ba mai karɓa da zai ji labari.

Hujjar mai gadi

Adalci ya bukaci a saurari kamfanonin, kuma hujjarsu ba ƙarama ba ce. A watan Oktoba 2023 kamfanin Google ya sanar cewa Gmail yana tare saƙonnin da ba a so kusan biliyan 15 kowace rana, yana kuma kama fiye da kashi 99.9 cikin ɗari na shara da saƙonnin yaudara. Da za a cire rariyar kwana ɗaya tak, da akwatin kowa ya zama juji, kuma waɗanda za su fi shan wahala su ne marasa wayo: tsoho mai jiran fansho wanda zai ga saƙon ƙarya daga “bankinsa” ya miƙa lambobinsa, ko yarinya mai neman aiki da za a ce ta biya kuɗin tantancewa. Rigakafi ya fi magani. Ba kuma mai yiwuwa ba ne a ɗauki mutane su karanta wasiƙu biliyoyi ɗaya bayan ɗaya, ko da zai yiwu ma, ba wanda zai so baƙo ya riƙa karanta asirinsa. Dole aikin ya zama na na'ura, na'ura kuwa da alamu take aiki, ba ta san zuciya ba.

Har wa yau mai gadin zai ce, ruwa ba ya tsami banza. Bai ƙirƙiri zargin don ƙiyayya ba, abin da ya gani ne ya sa ya yi hattara. Duk wannan gaskiya ne. Tsaron ƙofa halal ne, wajibi ne ma. Abin da ya rage shi ne a ga ko kowace irin hanyar tsaro ce ta halatta.

Inda hujjar ta gaza

Na farko, akwai bambanci tsakanin hukunta mutum a kan aikinsa da hukunta shi a kan adireshinsa. Wanda ya watsa shara aka toshe shi, ya girbi abin da ya shuka. Amma wanda aka toshe domin maƙwabcinsa ya yi laifi, an yi masa kuɗin goro ne. Dokokin duniya sun daɗe da ƙin wannan. Masanin shari'ar Ingila William Blackstone ya koyar tun a shekarun 1760 cewa kuɓutar masu laifi da dama ta fi sauƙi a kan cutar da marar laifi guda, sashe na 36 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 kuma ya tanadi cewa a saurari mutum kafin a yanke masa hukunci. Gaskiya ne kamfani ba kotu ba ne. Amma dalilin da ya haifi ƙa'idar bai tsaya a ƙofar kotu ba. Iyalan da suka san misalin alkama da zawan a Matiyu sura 13 za su tuna cewa maigonan ya san ciyawar mugunta ce, duk da haka ya hana barorinsa gaggawar cirewa, saboda darajar alkamar da za su tumɓuke tare da ita. Ko masana harkar sun fahimci haka. Paul Graham, wanda rubutunsa na 2002 ya yaɗa dabarar tace saƙo ta hanyar ƙididdigar kalmomi, ya nanata cewa ɓatar da wasiƙar kirki ya fi barin shara ta wuce muni nesa ba kusa ba.

Na biyu, a duba wanda yake ɗaukar nauyin kuskuren. Adadin kashi 99.9 yana magana ne a kan sharar da aka tare, wasiƙar kirkin da ta ɓace ba ta cikinsa. A wurin kamfani, kuskure ɗaya cikin dubu nasara ce abar alfahari. A wurin wanda kuskuren ya faɗa wa, cinikin shekara ne ya tafi. Kuma kuskuren ba ya faɗuwa daidai a kan kowa. Babban banki yana da ma'aikatan da za su buga waya a cire sunansa daga baƙin kundi kafin azahar. A watan Disamba 2004 kamfanin Verizon na Amurka ya tsaurara rariyarsa har ta riƙa tare wasiƙun kirki daga Turai da Asiya, masu hulɗa da shi suka kai ƙara, a 2006 kamfanin ya amince da sulhun da ya haɗa da mayar wa wasu kuɗi. Waɗannan suna da lauyoyi, suna kuma zaune a ƙasar da kamfanin yake. Mai shago a Sabon Tasha bai ma san sunan wanda ya tare wasiƙarsa ba, balle ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Tsarin da amfaninsa na kowa ne, amma kuɗinsa marasa ƙarfi ne suke biya, yana da sauran gyara.

Na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne shirun. Mutanen jihar nan sun ɗanɗana toshewa ta wata fuska daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba 2021, sa'ad da gwamnati ta sa aka katse layukan waya a wasu sassan Kaduna domin yaƙi da 'yan bindiga, kamar yadda aka soma yi a Zamfara a farkon Satumban. Masu sana'ar POS da 'yan kasuwa sun ji jiki, kuma har yau ana gardama a kan ko matakin ya biya bukata. Amma aƙalla an sanar. Mutum ya san ba a samunsa, sai ya hau mota ya je inda akwai layi. Wasiƙar da aka haɗiye ba ta ba da wannan dama. Na'urar mai aikawa ta nuna masa cewa saƙo ya tafi, shi kuma ya zauna yana jira. Wanda ya karɓi amana, ya yar, ya bar mai ita yana zaton ta isa, ya haɗa laifi biyu: bai isar ba, kuma ya bar ƙarya ta tsaya. Sakamakon ƙaryar kuwa shi ne mutum biyu masu gaskiya su rabu kowa yana ganin ɗayan ba shi da alkawari.

Akwai kuma tambayar ikon maigida. Wasiƙar da ake magana a kanta an neme ta. Mai akwatin ne ya ce a aiko. Mai gadin da ya kori baƙon da aka gayyata ya ɗora ra'ayinsa bisa na wanda ya ɗauke shi aiki. A nan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta nuna hanya mafi kyau a 2016, da ta kawo lambar 2442, wadda mai waya yake amfani da ita ya zaɓi ya toshe dukan saƙonnin talla ko ya bar irin waɗanda yake so. Zaɓin yana hannun mai layi.

Daga wannan duka, abin da adalci yake nema a wurin mai tsaron ƙofa bai wuce uku ba. Ya faɗa wa wanda ya tare cewa ya tare shi. Ya bar ƙofar ƙorafi wadda ƙaramin mutum zai iya samu, a kuma amsa masa cikin lokaci. Ya girmama zaɓin mai akwati. Garin neman gira kada a rasa ido.

Waɗanda suka cinye sunan jama'a

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba zai zama gaskiya ba a ɗora dukan laifin a kan kamfanonin ƙetare. Lambar 419 sashe ne na dokar manyan laifuka ta Nijeriya, amma yau har a ƙasashen da ba su san inda Kaduna take ba an san ta. Emmanuel Nwude da abokansa sun damfari wani bankin Brazil dala miliyan 242 tsakanin 1995 da 1998, kotu a Legas ta same shi da laifi a 2005. Irin wannan ɓarna tana cikin abin da ya sa aka kafa EFCC, wadda ta soma aiki a 2003, aka yi dokar damfara ta 2006 da ta wajabta wa shagunan intanet yin rajista, aka kuma yi dokar laifukan intanet ta 2015. Ko da kamfanin PayPal ya buɗe wa 'yan Nijeriya ƙofa a 2014, biya kaɗai ya yarda su yi a lokacin, ban da karɓa.

Hausawa sun ce wake ɗaya shi ke ɓata gari. Suna mai kyau dukiya ce ta tarayya, kamar rijiyar unguwa. Saurayin da yake zaune da kwamfuta yana yaudarar wata gwauruwa a Amurka yakan lallashi kansa da cewa Bature ne ya cuta, Bature kuwa yana da shi. Bai lissafa da mai citta ba, wanda ba a ƙara amsa wasiƙarsa, ko ɗalibar da takardarta ta neman gurbin karatu ta faɗa kwandon shara. Ya saci abu biyu, kuɗin baƙo da amincin 'yan'uwansa, na biyun kuwa ba a mayar da shi da kuɗi.

A nan maganar ta shigo cikin gida. Yaron da ba shi da aikin da aka sani, ya zo da mota, ya sake rufin ɗakin mahaifiyarsa, ya ba da gudummawa mai tsoka a bikin godiya, ba wanda ya tambaye shi inda ya samu. Akwai ɓarawon tsaye, akwai na zaune. Iyayen da suka karɓa suka yi shiru ba su da bakin kuka da rariyar Turawa, domin da hannunsu aka saƙa ta.

Abin da ya rage ga gida da shago

Ɗan kasuwa ba zai zauna jiran ranar da kamfanoni za su gyara halinsu ba. In ya aika wasiƙa mai muhimmanci, ya bi ta da kiran waya ko saƙon WhatsApp ya tabbatar ta isa, ya kuma roƙi abokin cinikinsa ya sa adireshinsa cikin jerin waɗanda ya sani. In yana da adireshi mai sunan kamfaninsa, ya sa wanda ya iya ya daidaita masa shaidun nan da ake kira SPF, DKIM da DMARC, waɗanda suke tabbatar da cewa wasiƙa daga gare shi ta fito. Tun Fabrairu 2024 Google da Yahoo suka tsaurara wannan sharaɗi, musamman ga masu aika saƙo da yawa, suka kuma bukaci a ba mai karɓa hanya mai sauƙi ta cewa a daina aiko masa. Kada ya sayi jerin adireshin mutanen da ba su san shi ba. Wannan ya shafi makarantu da ƙungiyoyi da majami'u ma: kyawun saƙo ba ya ba mutum izinin cusa shi inda ba a nema ba.

Mai karɓa shi ma yana da nasa. Wanda yake jiran amsar makaranta, ko kiran ganawar neman aiki, ya riƙa leƙa kwandon shara ko da sau ɗaya a mako. In kuma ya gaji da saƙon wani shago da shi da kansa ya ba adireshinsa, ya nemi a cire sunansa, kada ya danna maɓallin shara. Dannawar ƙara ce yake kaiwa, ana kuma ƙirga ta: a ƙa'idar Google, in ƙorafi ya kai uku cikin dubu, mai aikawa ya shiga hatsari. Cewa ba a nemi abin da aka nema ba shaidar zur ce, ko da yatsa ɗaya aka yi ta.

Kammalawa

Rariyar intanet mutane ne suka ƙera ta, halinsu kuma ta ɗauko. Mazauna Kaduna sun san wannan hali fiye da kowa. Tun bayan rikice-rikicen 2000 da 2002 kogin Kaduna ya zama kamar iyaka, mutane suka ƙaura kowa ya nemi inda irinsa suka fi yawa, Sabon Tasha kanta ta cika ta batse ta wannan hanya. Daga nan sau da yawa sunan unguwa ko sunan yanka ya isa a hana mutum haya, ko bashi, ko sauraro, a kowane ɓangare na kogin, kuma akasari ba a gaya masa dalili. Wanda ya ji zafin an jefa wasiƙarsa a shara saboda ƙasar da ta fito, ya kamata ya zama na farko da zai buɗe saƙon maƙwabcinsa ya karanta kafin ya yanke hukunci. In kuma dole ne ya ƙi, ya yi abin da direban tasha yake yi: ya mayar da saƙon, ya faɗi dalili.